Agogo mai lilo da lokacin tauraron ɗan'adam: tambayoyin da ake yawan yi mini

Shagona yana Birnin Kebbi. Gyaran agogo gado ne wajen mahaifina, gyaran rediyo kuwa daga baya na koya. A 'yan shekarun nan agogunan bango masu lilo sun fara dawowa hannuna, mafi yawansu na gado, an ciro su daga ɗakin ajiya ƙura ta rufe su. Tun da na haɗa wa ɗaya daga ciki 'yar na'urar da ke riƙe shi a kan lokacin GPS, tambayoyi suka yi yawa, a shago da ta waya, daga Jega, Argungu, Yawuri, har da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Malam, daidaita agogo da lantarki ba shi ne a cire injinsa a sa na batir ba?

A'a, kuma wannan ne abin da na fi son a gane tun farko. Cire inji a sa na batir na roba ba gyara ba ne, kashe agogon ne a bar akwatinsa. Na sha ganin agogon da aka yi wa haka, lilonsa yana reto don ado kawai, babu abin da yake ƙirgawa, injin asali kuwa an sayar wa 'yan gwangwan. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga irin wannan.

Abin da nake magana a kai daban ne. Agogon yana nan da giyarsa, da sifirin ɗinsa, da lilonsa, shi ke tafiyar da hannayensa kamar yadda ya saba. Abin da aka ƙara 'yar na'ura ce a ƙasan akwatin, tana kallon lilon yana wucewa, tana gwada shi da ingantaccen lokaci. In ta ga ya soma ja da baya, sai ta ɗan ja shi da maganaɗisu, ja mara ƙarfi wanda ido ba ya gani. In yana kan sawu, ta ƙyale shi. Ranar da ka cire ta, agogon zai ci gaba da tafiyarsa.

Me ke sa agogo mai lilo saɓa lokaci tun farko?

Lilon shi ne zuciyar lissafin. Saurin kai-komonsa ya dogara ne da abu biyu: tsawonsa, da ƙarfin jan ƙasa a wurin da yake. Nauyin faifan da ke ƙarshensa ba shi ne mai yanke hukunci ba, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. Lilo mai tsawo yana tafiya a hankali, gajere yana sauri. Wanda ke buga sakan ɗaya cur daga wannan gefe zuwa wancan, tsawonsa kusan santimita 99.4 ne. A irin wannan lilon, ƙarin milimita ɗaya tak yana sa agogo ya makara da kusan sakan 43 a yini. A ƙananan agogunan bango masu lilo na santimita 25, milimita ɗayan nan ya kai kusan minti uku. Shi ya sa nake hana yara taɓa notin da ke ƙarƙashin faifan.

To, ko ba wanda ya taɓa noti, zafi yana taɓawa. Ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, ya tsuke in ya ji sanyi. Sandar lilo ta baƙin ƙarfe tana sa agogo ya makara da kusan rabin sakan a yini a kan kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. Ta tagulla ta fi haka, tana kusan sakan 0.8. Yanzu ka tuna yanayin ƙasarmu: asubahin hunturu da mutum ke neman bargo, da kuma azahar ɗin watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Tazarar digiri 20 a cikin ɗaki ba abin mamaki ba ce, wato sakan 10 a yini ke nan a sandar ƙarfe, fiye da minti ɗaya a mako. Agogon da ka daidaita a Janairu, dole ya ja ƙafa a bazara. Sandar katako ba ta damu da zafi sosai ba, amma ita kuma damina ce ke damunta, don tana shan laima.

Masu ƙera agogo sun daɗe da sanin wannan. George Graham ya yi lilo mai tulun zaiba a 1721, John Harrison ya haɗa sandunan ƙarfe da na tagulla yadda miƙewar ɗaya ke cinye ta ɗaya, sannan a 1896 Charles Guillaume ya samo ƙarfen Invar wanda da ƙyar yake miƙewa, har ya samu kyautar Nobel a 1920. Amma agogunan da ke gidajenmu ba irin waɗannan ba ne. Sandunan tagulla da na ƙarfe da za ka gani jere a lilon wasunsu, sau da yawa ado ne kawai.

Akwai kuma sifirin: ranar da aka yi wa agogo wani, wato aka murɗa sifirin da makulli, yana da ƙarfi, a ƙarshen mako ya yi sanyi, faɗin lilon ya ragu, saurin ya sauya.

An ce agogon kakanmu daga Ingila ya zo, kuma can ba ya kuskure. Ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba?

Akwai gaskiya a cikin maganar. Jan ƙasa ba ɗaya ba ne ko'ina. A Landan ya kai kusan 9.81, a nan Kebbi da muke kusa da tsakiyar duniya kusan 9.78 ne. Agogon da aka daidaita a Landan, in aka rataye shi a Birnin Kebbi ba tare da an taɓa shi ba, zai riƙa makara da kusan minti biyu a yini. Wani masanin taurari Bafaranshe, Jean Richer, ya gamu da haka a 1672 da ya kai agogonsa daga Faris zuwa Kayen a Kudancin Amurka, ya tarar yana makara da kusan minti biyu da rabi kullum. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ɗaure noti a ɗaga faifan sama, sau ɗaya, shi ke nan. Jan ƙasa ba ya sauyawa da bazara ko hunturu.

Daga ina na'urar ke samun lokacin da ba ya kuskure?

Hanyoyi uku ne ke aiki a nan, biyu kuma ba sa aiki.

Wadda na fi so ita ce GPS. Taurarin ɗan'adam na GPS suna ɗauke da agogunan atam, irin waɗanda da su aka auna sakan kansa: tun 1967 sakan ɗaya shi ne girgiza 9,192,631,770 ta atam ɗin siziyam. Ƙaramin allon GPS irin NEO-6M na kamfanin u-blox yana da ƙafa ɗaya da ake kira PPS, wadda ke fitar da bugun wuta ɗaya a farkon kowane sakan, kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. Ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sim, ba ruwansa da ko akwai sabis a ƙauyenku. Sararin sama kawai yake so ya gani. Rufin kwano yana tare shi, don haka eriyar ta zauna a bakin taga ko a waje ƙarƙashin inuwar rufi. In ka ga 'yar fitilar allon tana ƙyaftawa sau ɗaya a sakan, ya kama.

Ta biyu intanet ce. Allon 'yar ƙaramar kwamfuta irin ESP32 yana iya tambayar lokaci ta tsarin NTP in akwai wayfay a gidan. Kuskurensa bai kai ƙyaftawar ido ba, ya ishi agogon bango har da saura. Matsalar ita ce ranar da data ta ƙare.

Ta uku 'yar na'urar lokaci ce mai suna DS3231. Tana da ma'aunin zafi a cikinta, tana gyara kanta, kuma tsakanin digiri 0 da 40 kuskurenta bai wuce kashi biyu cikin miliyan ba, kusan minti ɗaya a shekara. In zafi ya haura 40 kuskuren yana ɗan ƙaruwa. Ni nakan haɗa ta da GPS: ita ke riƙe lokaci kullum, GPS yana duba ta lokaci zuwa lokaci. Kada ka dogara da agogon cikin allon 'yar kwamfutar Arduino Uno shi kaɗai, ba a yi shi don wannan aikin ba, yana iya fin agogon kakanka saɓawa.

Waɗanda ba sa aiki: na farko, tashoshin rediyon lokaci na Turai, irin DCF77 da ke kusa da Furankfot a Jamus. Zangonta kusan kilomita 2,000 ne, mu kuwa mun haura kilomita 4,000 daga can. Wasu sun sayo agogunan da aka rubuta musu cewa suna daidaita kansu da rediyo, sun zo suna tambaya ta me ya sa ba sa yi. Dalilin ke nan. Na biyu, ƙirga girgizar wutar layi, wadda aka tsara a kan 50 a sakan. Wannan sai a inda wuta ba ta yankewa kuma girgizar ba ta kaucewa. Wutar janareta kuwa ba a ma maganarta.

Yaya maganaɗisu zai sa agogo sauri ba tare da ya taɓa shi ba?

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, don wanda ya gane wannan ya gane aikin duka.

Abin da ke dawo da lilo tsakiya kullum shi ne jan ƙasa. Duk wani ƙarfi da ke taya jan ƙasa, wato mai jan faifan zuwa tsakiya, zai sa lilon ya kammala zagayensa da wuri. Duk ƙarfin da ke jan shi waje, nesa da tsakiya, zai sa ya makara. Bugun da ya same shi daidai tsakiya kuwa, faɗin lilon kawai yake ƙarawa, ba ya sauya lokaci. George Airy na Ingila ne ya fayyace wannan lissafi a ƙarni na 19.

Saboda haka nake manna ɗan ƙaramin mayen ƙarfe, bai fi ƙwayar wake ba, a ƙarshen sandar lilo, ƙasa da noti. A ƙasan akwatin, daidai inda lilon ke tsayawa in ya huta, sai na ajiye koyil, wato naɗin siririyar wayar tagulla, da tazarar 'yan milimitoci tsakaninsu. In wuta ta bi koyil ɗin, yana jan faifan zuwa tsakiya, tamkar an ƙara wa ƙasa ƙarfin ja a wannan ɗan wurin. Agogon ya ɗan yi sauri. Aka kashe wutar, ya koma tafiyarsa.

Tunda koyil ɗin sauri kawai yake ƙarawa, dole a saita agogon ya zama mai ɗan makara da gangan. Ga inda mutane ke kuskure: a hunturu ake wannan saitin, ko a yi shi da lissafin hunturu, domin lokacin ne agogo ya fi sauri. In ka saita shi a bazara yana makara da sakan 5, sanyi na shigowa zai koma mai wuce lokaci, na'urar kuma ba ta da birkin da za ta riƙe shi. Ni nakan bar shi yana makara da kamar sakan 10 a yini a lokacin sanyi, na kuma tabbata jan koyil ɗin ya isa ya cike gurbin da bazara za ta buɗe.

Abu biyu kuma. Kada ka kunna koyil ɗin lokacin da faifan ke tahowa kaɗai, ka kashe shi in ya wuce. Haka yana ƙara wa lilon ƙarfi, faɗinsa ya yi ta ƙaruwa har ya fara dukan gefen akwati, kuma lilo mai faɗi makara yake yi, ka ga an koma gidan jiya. Kunna shi ka bari har lilon ya je ya dawo sau da dama, abin da ya samu wajen tahowa sai ya biya wajen wucewa. Sannan in mayen ƙarfe ka manna wa lilon, koyil ɗin ya zama marar ƙarfe a cikinsa, in ba haka ba za su riƙa jan juna ko babu wuta. In ka ga agogon makara yake ƙarawa duk lokacin da ka kunna, turawa koyil ɗin yake yi maimakon ja: juya wayoyin biyu.

Wannan dabara sabuwa ce?

Ta girmi kakanninmu. Christiaan Huygens na Holan, wanda ya ƙera agogo mai lilo na farko a 1656, shi ne kuma ya lura a 1665 cewa agogo biyu da aka rataye a katako ɗaya sukan jera sawu da kansu, ta 'yar girgizar da ke bin katakon. Tun daga nan aka san ɗan ƙaramin taɓi ya isa.

Wanda ya fi kama da abin da muke yi shi ne agogon da injiniyan jirgin ƙasa William Shortt ya ƙera a 1921 tare da Frank Hope-Jones. Lilo biyu ne: ɗaya a cikin tulun da aka zuƙe wa iska, ba ya tura giya ko ɗaya, ɗayan kuma a waje yana aikin ƙirga. Na wajen an saita shi yana ɗan makara. Duk bayan sakan 30 ake gwada su ta lantarki, in na wajen ya ja baya sai wani ɗan sifirin ya ɗan ingiza shi, in bai ja ba sifirin ya kuskure shi. Kuskuren wannan agogo bai fi kusan sakan ɗaya a shekara ba, kuma da shi ɗakunan nazarin taurari suka riƙa auna lokaci kafin zuwan agogon kwatiz. Mu GPS muka sa a madadin lilon cikin tulu.

Babban agogon majalisar Landan ma, wanda aka fi sani da Big Ben, yana aiki tun 1859, kuma da tsofaffin sulallan kwabo ake daidaita shi. Ana ɗora kwabo ɗaya a saman lilon, sai ya ƙara saurin kusan sakan 0.4 a yini.

Baba, ni ɗalibi ne, ina so na yi wannan a matsayin aikin makaranta. Me zan tanada?

Ɗana, kayan ba su da yawa: allon Arduino Nano ko ESP32, allon GPS mai ƙafar PPS, DS3231, sensa mai jin maganaɗisu irin A3144, tiransisto ɗaya irin 2N2222, rezisto, dayod 1N4007, siririyar wayar naɗi irin ta masu gyaran fanka, da ɗan mayen ƙarfe, ko daga matacciyar iyafis ka ciro ya isa. Dayod ɗin nan kada ka manta da shi. Ana sa shi a juye tsakanin ƙafafun koyil, domin duk lokacin da aka yanke wa koyil wuta yana mayar da bugu mai ƙarfi wanda ke ƙona tiransisto. Ka kuma duba allon DS3231 ɗinka: wasu masu arha suna tura caji cikin ƙaramin batirin, alhali CR2032 ba na caji ba ne, yana iya kumbura.

Shawarar da ta fi kayan muhimmanci: kada ka fara da koyil. Yi mako biyu kana aunawa kawai. Bar na'urar ta rubuta lokacin wucewar lilon da zafin ɗakin, ka zana su a takarda. Za ka ga da idonka yadda agogon ke sauri da asuba, ya ja ƙafa da la'asar. Wannan zanen shi ne rabin aikinka, kuma da shi za ka san ƙarfin jan da kake buƙata. Kuma kada ka fara koyo a kan agogon gadon gidanku. Rataye kwalbar yashi da sandar ƙarfe ka gwada tukuna.

Na ga wasu suna amfani da sensa mai haske. Wanne ya fi?

Da mai haske na fara. Lilon yana ratsa wani siririn haske, na'urar ta ƙirga. A damina ya yi aiki lafiya lau. Hunturu na shigowa, ƙura ta fara bi ta 'yan kafofin akwatin tana kwanciya a idon sensar. Wata safiya na buɗe shago na tarar agogon ya wuce lokaci da kusan minti biyu. Sensar tana tsallake wasu bugun, na'urar ta ɗauka agogon ya makara, ta kwana tana jan sa. Na share, bayan kwana goma ya sake. Daga baya gizo-gizo ya yi saƙa a wurin. Sai na koma sensa mai jin maganaɗisu, wadda ba ruwanta da ƙura. Ka dai ɗan matsar da ita gefe, kada ta ji koyil ɗin ta ɗauka lilo ne.

Darasin da na ɗauka na sa shi cikin manhajar: in tazarar bugu biyu ta ninka yadda ta saba, na'urar ta san an tsallake ɗaya, ta ƙara shi a lissafi. In kuma abin ya yi yawa, ta daina ja gaba ɗaya, ta kunna jar fitila.

Yaya zan san bugu nawa agogona ya kamata ya yi a awa?

Dogayen agogunan da ke tsaye a ƙasa galibi 3,600 ne a awa. Na bango kuwa kowanne da nasa, wani ma lissafinsa ba ya ƙarewa cif. Hanya ɗaya ita ce ka ƙirga haƙoran giyoyin daga wadda ke juya dogon hannu zuwa ta ƙarshe ka yi lissafi. In ba ka son kwance inji, bar sensar ta ƙirga, kai kuma ka sa alama daidai lokacin da dogon hannu ya hau 12, ka sake sawa bayan ya zagayo sau 12. Raba da 12. Maimaita sau biyu ko uku. In ka yi kuskure a wannan adadin, na'urar za ta riƙe lilon daram a kan lokacin da ba shi ba.

In aka ɗauke wuta fa?

Agogon ba zai tsaya ba, sifirin ne ke tafiyar da shi. Zai dai koma makararsa ta 'yan sakanni a yini. Matsalar tana wajen dawowar wuta: na'urar da ta mutu ta farfaɗo ba ta san bugu nawa suka wuce a bayan idonta ba. Za ta kama lilon ta riƙe shi a kan sawu, amma hannayen suna nan da bashin da suka ci. Don haka kada ta mutu. Wutar da take ci kaɗan ce, batir 18650 biyu da ƙaramin faifan sola sun riƙe ta. Ga mai son ƙarin tabbaci, ana iya sa sensa ta biyu kusa da gudumar ƙararrawa, ta yadda duk lokacin da agogon ya buga awa, na'urar za ta san inda hannayen suke.

Ba zai lalata mini agogon ba? Na mahaifina ne.

Alhaji, Allah ya jiƙansa. Ƙa'idata ita ce ba na huda komai, ba na yin walda ko dalma a jikin agogo. Koyil ɗin yana zaune a kan ɗan katakonsa a ƙasan akwati, mayen ƙarfen da ɗan gam ne wanda ke ɓantaruwa. Wayar tana fita ta ƙofar baya. Abin kiyayewa shi ne girman mayen ƙarfen. Babba yana jan ƙusoshin akwati, yana karkatar da lilon, in kuma ya kusanci injin yana iya sa wa sassan ƙarfe maganaɗisu su riƙa tara ɓarɓashi. Ƙarami, can ƙasa, nesa da inji. Nauyinsa zai ɗan rage saurin agogon, sai a gyara da noti.

Agogona yana tsayawa bayan kwana biyu ko uku. Na'urar za ta magance wannan?

Ba za ta magance ba. Ruwa ba ya tsami banza: agogon da ke tsayawa yana da ciwo, kuma ciwon za a nema. Fara da kunne. Bugun ya zama daidai wa daida, tik da tak tazara ɗaya. In kana jin kamar mai ɗingishi, agogon ya karkace a bango ko sandar da ke tura lilon ta lanƙwashe. Duba ƙusar da aka rataye shi, bangon laka yakan saki a hankali. Buɗe bayan akwatin, na sha samun gidan zanzaro manne a jikin giya. Sannan mai: wanda ya bushe ya haɗu da ƙurar shekaru yana zama kamar kwalta. Sai an kwance an wanke, a sa man agogo, ɗigo kaɗan a bakin kowace ƙafar giya. Ba man gyaɗa ba, ba baƙin mai ba, ba man feshi na gwangwani ba. Agogon da bai yi wata guda yana tafiya da ƙafarsa ba, ba na haɗa masa komai.

Har yanzu sai an yi masa wani?

Ƙwarai. Duk mako, a rana ɗaya. Mu a gidanmu Juma'a ce bayan an sauko.

Muna so mu sa a masallacin unguwarmu. Ya dace a dogara da shi wajen lokutan salla?

Ya dace ya gaya muku ƙarfe nawa, kuma zai faɗa daidai. Amma ƙarfe nawa daban, inda rana take daban. Lokacin Najeriya awa ɗaya ne gaba da lokacin duniya na UTC, an ɗora shi a kan layin digiri 15 gabas. Birnin Kebbi kuwa tana wajen digiri 4.2, kuma kowane digiri minti huɗu ne. Don haka in agogo ya buga 12 na rana, a nan rana ba ta kai tsaka ba, sai wajen 12:43 a matsakaici. Wannan ma yana motsawa cikin shekara: a farkon Nuwamba yana sauka wajen 12:27, a tsakiyar Fabrairu ya kai wajen 12:57. Rana tana riga faɗuwa a Gusau da kusan minti goma kafin ta faɗi a nan. Saboda haka jadawalin wani gari ba zai yi muku aiki ba don kawai agogonku ya yi daidai, musamman a sahur da buɗe-baki. Ku nemi jadawalin garinku, hukuncin shigar lokaci kuma na malamai ne.

Ku tuna GPS lokacin UTC yake bayarwa, a ƙara masa awa ɗaya a manhaja.

Malam, waya tana aljihun kowa. Me ya sa duk wannan wahala?

Wata Hajiya daga Gwandu ta aiko ɗanta da agogon maigidanta marigayi, a naɗe cikin zane, lilon an cire an ɗaure shi da tsumma daban, wanda ya nuna mini a gidan akwai wanda ya san darajarsa. Saƙonta shi ne yaran gida sun daina kallonsa saboda ba ya faɗin gaskiya, suna cewa a sa masa injin batir, ita kuwa bugun ƙararrawarsa take so ta ci gaba da ji. Agogon da aka daina yarda da shi, an daina yi masa wani ke nan, daga nan sai ɗakin ajiya. Wannan nake ƙoƙarin tarewa. Na wanke shi, ya yi wata biyar a bangon shagona, daga hunturu har cikin bazara, kafin na yarda ya koma gida.

Yaya zan tabbatar na'urar tana aiki?

Kada ka gwada da rediyon da kake ji ta intanet, muryar tana isowa a makare da sakanni da dama. Sa na'urar ta ƙyafta koriyar fitila a farkon kowace awa bisa lokacin GPS, ka tsaya gaban agogon ka ji ko bugun farko na ƙararrawa yana zuwa tare da ita, ko da tazara iri ɗaya kullum. Rubuta tazarar a littafi duk Juma'a. Ka kuma sa ta nuna maka kashi nawa na yini koyil ɗin ke kunne. A hunturu ya kamata ya zama kaɗan, a bazara ya ƙaru. In ka ga yana kunne kusan yini duka, na'urar ta kusa gazawa: ɗaure noti kaɗan, kamar kwata na juyi, ka sake dubawa bayan kwana uku. In kuma ba ya kunnuwa sam, agogon ya fi ƙarfin saitin, sassauta notin.